Maɓallin da Ya Koɗe

Ranar kasuwar Filinge ce, likita, wato asibitinmu, ta cika maƙil da masu awon ciki da masu rigakafi, ni kuma tun safe ban sa komai a bakina ba sai ruwan randa. Sunana Hawa, ni ce sajifam a ɗakin haihuwa, wato ungozomar gwamnati, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na son surutu in ina aiki. To ga shi Allah ya haɗa ni da Kailu, ɗan kawuna, taubashina, wanda ya zo ya kafa ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta, a gefen teburin awon jarirai, don nan ne kaɗai ke da kuran, wato lantarki, na hasken rana.

Kailu ya yi karatun na'ura a Yamai. Wata ƙungiya ce ta ɗauke shi ya tsara wa ungozomomin ƙauye wani abu a cikin salula. Abin ba wuya: maɓalli guda, babba, kore shar, da hoton mota a tsakiya. In haihuwa ta zo da gardama, tsohuwa ta danna, sai salular da ke aljihuna ta yi kuka, sunan ƙauyen ya fito, ni da Magagi direba mu hau ambilans. Dama an daɗe da hana hawa moto, wato babur, a yankinmu saboda 'yan bindiga, don haka babu wanda zai sheƙo ya kira mu. Da sojoji sunka karɓi mulki, ƙungiyar ta tattara nata ya-nata ta tafi. Kailu ya ƙi tafiya. Ya ci gaba da aikin shi kaɗai, ya zame mini ƙarfen ƙafa.

Ran nan ya juyo mini da fuskar ordinatar ya ce, "Madam, ara mini idonki."

Na ce, "Idona na kan cikin matar mutane. Mi ne ne kuma?"

Da'irori uku ne a jere. Ya ce dukansu hoton maɓallin ne a lokacin da ba ya aiki, wato in babu rezo, sabis ɗin waya ke nan, kuma kira ba zai iya fita ba. Ta farko an sa mata kwaɗo. Ta biyu ma ba mota, gurbi ne kawai babu komai. Ta uku ita ce motar da na sani, amma an rage mata launi, koren ya koma toka-toka.

Ya ce, "Ta ukun nan ce ke cikin wayoyin tsofaffinki yanzu. Haka ake yi ko'ina a duniya. Maɓallin da ba ya aiki ba a cire shi, dusar da shi ake yi, mutum ya san yana nan amma ba yanzu ba."

"To mi ya hana ka barci tunda duniya ta riga ta yanke?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce kwaɗon ya gwada shi a kan wata tsohuwa, ta ce ita ba ta yi laifi ba da gwamnati za ta kulle mata waya. Gurbin banza kuma ya san ƙarshensa: za su ce waya ta lalace, su kai wa mai gyara a kasuwa ya goge komai. Shi ya sa ya tsaya kan dusasshen. Abin da ke damunsa shi ne, ranar da munka koya musu, a ƙarƙashin itacen bedin likita, rezo cike yake. Babu wadda ta ga maɓallin ya dushe da idonta. Da baki kawai ya faɗa musu.

Na ce, "Kai dai da baki ka iya komai. Matsa mini in auna ɗan mutane."

Ina cikin awon ne wata mata mai suna Fati ta leƙo. Daga Tungar Hamani take, can kan hanyar Abala, inda Balkisu ƙanwar Kailu ke aure. Ta kawo kuka da busasshiyar kuɓewa kasuwa, ta ce bari ta biyo ta yi barka. Ta gaishe ni, ta gaida Kailu, sannan ta shiga waige-waige tana duba gadaje.

Ta ce, "Ina kunka kwantar da ita?"

Na ce, "Wa?"

"Balkisu mana. Ai ta sauka da sassafe, ɗiya mace. Mabiyiya ce ba ta faɗo ba, jini na zuba. Inna Haske, ungozomarmu, ta danna wayar ga tun kafin in baro gari, ta ce mota na nan tahe."

Na zaro salular daga aljihu na duba. Tana da caji, tana da rezo, ba kira ko ɗaya. Na miƙa wa Kailu. Ya duba, ya koma kan ordinatar ya ƙwanƙwasa, ya sake dubawa. Na ga leɓensa ya bushe.

Ya ce wa Fati, "Akwai rezo a garinku?"

Ta ce, "Wane rezo? Yau kwana nawa babu. Wasu sun ce man injin eriya ya ƙare, wasu sun ce mutanen daji sunka taɓa ta. Allah masani."

A ƙafa da jaki Fati ta zo, kuma ta tsaya ta ci kasuwa kafin ta biyo. Ga shi an kusa kiran azahar. Ban tsaya lissafi ba, don na san abin da jini ke yi wa mace a tsakanin safiya da azahar. Na bar masu awo a hannun majo, babban ma'aikacin jinyarmu, na kwashi ruwan ƙari da allurai da safar hannu, na ƙwala wa Magagi kira. Kailu ya biyo ni ko takalmi bai saka daidai ba. Ban hana shi ba. Ina buƙatar hannun da zai riƙe mini ruwa.

A bakin gari akwai bariyar sojoji. Wanda ya tare mu saurayi ne, da ganinsa shi ma a tsorace yake. Ya san ambilans, ya san ni, amma ya ce hanyar arewa sai da izinin babbansa, babban kuma ya shiga salla. Na ce masa mace ce ke zubar da jini. Ya ce ya ji, amma shi ba ya da iko. Na ce to in ta mutu zan kawo masa jaririyar ya shayar. Magagi ya taka mini ƙafa a hankali. Raina na tafasa. Muna zaune a cikin mota, inji na aiki, muna kallon bayan wani mutum yana ruku'u a kan tabarma. Ban taɓa ganin salla mai tsawon wannan ba, Allah ya yafe mini. Da ya sallame ya zo ya leƙa, ya ji bayani, ya ce mu wuce, amma mu tabbata mun dawo kafin rana ta faɗi, don bayan nan duk abin da ke motsi a hanyar ba su san shi ba.

Ƙarshen damina ne, gero ya yi tsawo har ya fi motar. Hanya ta zama rami tsakanin bango biyu na kara, ba ka ganin wanda ke ciki sai ya fito. Magagi ya riƙe sitiyari da hannu biyu, bakinsa na motsi. Kowane kwana munka sha sai na leƙa cikin geron.

Kailu na baya, salularsa a hannu, ya buɗe maɓallin nasa yana kallo. Da munka haye wani tudu sai ya ce, "Ga shi nan. Rezo ya tahi."

Ya miƙo mini. Rana na dukan gilashin ta taga. Na karkata shi, na kare da tafin hannu, sannan na ga bambancin: motar tana nan, da'irar tana nan, koren ne kawai ya yi kamar zanen da ya sha wanki.

Na ce, "Wannan ne a'a ɗin naka?"

Ya ce, "A ɗaki yana fitowa sosai."

"Su Inna Haske a ɗaki mai fanka suke aiki?"

Can kuma ya fara magana, ba da ni ba, da kansa. Da ya sani da ya sa maɓallin ya yi magana in an danna shi, ya ce da Hausa kira bai tahi ba. Da ya sani da ya cire motar ɗungum in babu rezo, ya sa hoton amalanke, kowa ya san abin yi. Da ya ja ƙaton layi baƙi a kanta. Ya yi ta jero su, kowanne ya fi na baya kyau.

Na ce, "Kailu, rufe mini baki. Ka ajiye su, za su yi wa wata amfani. Yanzu addu'a za ka yi."

Tausayinsa nake ji, amma in na tausaya masa a lokacin ni ma zan karye, kuma ba ni da wannan sararin.

Mun isa Tungar Hamani rana ta karkata. Abin da na fara gani a ƙofar gidan shi ne amalanke, an shimfiɗa tabarma da bargo a kansa, ga sa a gefe an kwance shi yana cin harawa. Tahiru mijin Balkisu ya taso da gudu.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Tun da hantsi na ɗaura sa zan kawo ta. Inna ta ce in kwance, mota ta fi sauri, kada mu saɓa a hanya. Sau biyu ina ɗaurawa ina kwancewa."

Ban tsaya ba, na faɗa ɗaki. Warin jini ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Balkisu na kwance a kan yashi da tsummoki, sun jiƙe sharkaf, an canza wasu an tara a kusurwa. Leɓenta fari, tafin hannunta fari, jikinta sanyi da gumi. Na kira sunanta, ta buɗe ido ta gane ni.

Ta ce, "Hawa, kin yi ƙiba."

Na ce, "Ke kuma kin ƙi haihuwa kamar mutane, sai kin tara jama'a."

Ta so ta yi dariya, ba ƙarfi. Na nemi jijiya a hannunta, duk sun gudu. Sai a karo na uku na samu. Na kira Kailu ya shigo ya ɗaga ledar ruwa sama, na ce ya juya fuskarsa bango. Na yi mata allura, na sa safar hannu, na shiga da hannu na ɓanɓaro mabiyiyar a hankali. Ba ta ko yi ƙara ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Na murza cikin har mahaifa ta ɗan tsuke. Zubar ta ragu. Amma wanda ya zuba ya riga ya zuba, kuma ba ni da jini a jaka. Jini sai Filinge.

Inna Haske na durƙushe a gefe da jaririya a hannu. Tsohuwa ce mai tsabta da natsuwa, rabin garin ita ta yanke musu cibi, kuma ita ce ta fi kowa mai da hankali ranar koyo. Salularta mai maɓallin Kailu na kan cinyarta.

Ta ce, "Kun daɗe, ɗiyata. Amma na gaya musu za ku zo. Ban bar dannawa ba."

Kailu, fuskarsa na bango, ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Inna, ba ki ga launin ya dushe ba?"

Ta ce, "Na gani mana. Abin da ake ta dannawa ai dole ya koɗe."

Ta jawo wata 'yar jaka daga wuyanta, ta fito da tsohuwar wayarta mai maɓallai, ta nuna masa. Duk maɓallan da rubutunsu, sai guda ɗaya, na kira, wanda babban yatsanta ya cinye har ya yi fari fat.

Ta ce, "Ka gani? Wanga shi ne mai aiki. Da shi nake kiran ɗana a Kwatano. Da na ga naka ya hwara koɗewa sai na ce to, ya kama hannu. Kuma ko sau ɗaya bai ƙi ba."

Kailu ya juyo ya dubi wayar. Ya buɗe baki zai yi bayani, na daka masa harara. Tsohuwar nan ta yini tana danna abu da zuciya ɗaya, kuma ina buƙatar ta riƙe jaririya har gari.

Munka ɗauko Balkisu a bargo, munka shimfiɗa ta a bayan ambilans, na ɗaga ƙafafunta a kan jakata. Tahiru ya shiga gaba kusa da Magagi. Ni da Kailu da Inna Haske muna baya. Na ce wa Magagi ya taka, amma ya ji tsoron Allah a kan ramuka.

Yatsuna na kan wuyan hannunta. Bugun na gudu, siriri, sai na danna sosai nake jin sa. Leda ta farko ta ƙare, na sa ta biyu, na ce Kailu ya matsa ta da hannu biyu. Ya matsa har jijiyoyin wuyansa sunka fito. Inuwar gero ta rufe hanya, rana na yin ƙasa. A wani kwari motar ta nutse cikin yashi, tayoyi na juyawa a banza. Tahiru ya dira ya tura ta shi kaɗai yana kiran sunan Allah, Magagi ya yi baya ya yi gaba, da ƙyar ta fita. Ba mu daɗe a wurin ba, amma ni na ji kamar an zare mini wani abu daga hannu.

Balkisu ta ce tana jin ƙishirwa. Na jiƙa mata leɓe. Ta juya ido ta sami yayanta.

Ta ce, "Yaya Kailu, ka ga ɗiyar?"

Ya ce, "Na gani. Kyakkyawa."

"Ƙarya kake, ba ka duba ba."

Inna Haske ta matso da jaririyar, ta buɗe zanen. Kailu ya duba. Balkisu ma ta duba, ta daɗe tana kallo, sannan ta lumshe ido. Na ce mata kada ta yi barci, na tambaye ta sunan da take so, na zage ta, na ce raguwa ce, na ce in ta bar ni da wannan aiki ba zan yafe mata ba. Ta ɗan motsa baki. Na matsa cikin, na sake allura, na yi duk abin da na iya da wanda ban iya ba.

Muna hawa tudun nan na ɗazu bugun ya ɓace. Na nema a wuya, na sa kunne a ƙirji. Na danna ƙirjin, na hura, na danna, motar na jijjiga mu. Ban san iyakar lokacin da na ɗauka ba. Hannuna ne ya gaji kafin zuciyata ta yarda. Na shafa idonta, na ja zane na rufe fuskar, na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ƙwanƙwasa gilashin da ke tsakaninmu da gaba, na yi wa Magagi alama ya rage gudu. Tahiru ya waigo, ya ga zanen, ya kifa kansa a kan gwiwa.

Kailu bai saki ledar ba. Yana nan yana matsa ta, sai da na ɓanɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa ga baƙin ciki, ga haushi da ban san wanda zan ɗora wa ba.

Munka gangaro, rufin kwanon Filinge ya bayyana daga nesa. Inna Haske na salati a hankali, hawaye na bin kuncinta, jaririya a ƙirjinta. Sai hasken salular da ke kan cinyarta ya canza. Ta dube ta.

Ta ce, "Ikon Allah. Kailu, dibi, ya koma sabo."

Ta ɗora yatsa a kai, yadda ta yini tana yi. Nan take aljihuna ya ɗauki kuka, kukan nan mai tsini da Kailu ya zaɓa don ya tashe ni ko ina barci. Na zaro salular. Sunan Tungar Hamani ne ke walƙiya a kai. Na kashe ta.

Tsohuwar ta dubi wayar hannuna, ta dubi tata, ta sake duban tawa. Ta daina salatin.

Ta ce, "Ɗiyata, da sahe haka ta yi miki kuka?"

Na so in yi mata ƙarya. Wallahi na so. Amma gobe wata za ta yi naƙuda a garinsu, kuma ita za a kira.

Na ce, "A'a, Inna. Wannan ne na farko."

Ta kifa wayar a ƙasan mota, ta gyara wa jaririyar zane, don ta fara neman nono.